GORO ƊAN INUWA

Babu gidan da ba a san goro ba a ƙasar Hausa. In an yi haihuwa, da goro a ke gayyatar mutane suna. In za a ɗaura aure, sai an raba goro. In wani ya ce maka, "Albishirinka," kai kuwa sai ka ce, "Goro." Baƙo ya zo, goro. Salla ta zo, goro.

Amma duk da wannan sabo, mutanenmu kaɗan ne suka taɓa ganin itacen goro da idonsu. Dalili kuwa shi ne ba ya fitowa a ƙasarmu ta Arewa mai rana da iskar hunturu. Goro ɗan kurmi ne, ɗan inuwa. Tun yana cikin ƙasa har ya zo hannunka, abin da ya ke so shi ne inuwa da laima da sanyi. Wanda ya gane wannan ya gane yadda a ke shuka shi, da yadda a ke ajiye shi kada ya lalace. To, ku karanta a hankali.

KAMANNIN ITACEN

Itacen goro babban itace ne. In ya girma ya kan kai ƙafa 40 zuwa 60 a tsawo. Kansa a cike ya ke da ganye, kamar na mangwaro. Ganyen dogo ne, mai kauri, kore shar, yana sheƙi. Ba ya kaɗe ganyensa da rani kamar yadda kuka ta ke yi. Rani da damina yana nan kore, in tsohon ganye ya faɗi sabo ya riga ya fito.

Da damina ya kan yi fure. Furannin ƙanana ne, a cure su ke fitowa a jikin rassa. Farare ne, da ɗan rawaya-rawaya, cikinsu kuwa da zane ja. Iri biyu ne a itace guda. Akwai furen namiji, wanda ba ya zama ɗa, akwai kuma wanda ke zama ɗa. Ƙananan ƙwari su ne ke ɗaukar garin fure daga wannan su kai wa wancan. In ba su yi wannan aiki ba, furen sai ya bushe ya faɗi banza.

Bayan wata 4 ko 5 da yin fure, 'ya'yan su kan nuna. Goro ba tsirara ya ke rataye a itace ba. A cikin kwanso ya ke, kore, mai gurje-gurje a baya, tsawonsa wajen tafin hannun babban mutum. Kwanson nan su kan fito biyu, ko uku, har biyar a gindi guda, sun bazu kamar tauraro. In ka fasa ɗaya, za ka tarar da goro jere a ciki, daga 4 har zuwa 10, ko wane an lulluɓe shi da wata farar fata mai taushi.

Ga wani abin mamaki. Farin goro da jan goro ba lalle ne itacensu ya bambanta ba. A kan fasa kwanso ɗaya a sami fari da ja tare a ciki.

INDA YA KE FITOWA

Asalin goro kurmin Afirka ta Yamma ne, watau ƙasashen da ke kusa da bakin teku, kamar Gini, da Saliyo, da Laberiya, da Kodebuwa, da Gana, da kudancin Nijeriya, da Kamaru. A can damina ta kan yi wata 7 ko 8. Ƙasar tana da zurfi, ruɓaɓɓen ganye ya rufe ta, ba ta bushewa ƙayau. A dawa, ƙaramin goro a ƙarƙashin manyan itatuwa ya ke tsirowa, su ne ke tare masa rana.

Yau Nijeriya ta fi ko wace ƙasa a duniya noman goro. Mafi yawansa daga ƙasar Yarabawa ya ke fitowa, kamar wajen Shagamu da Ijebu da Ondo. A Arewa ma akwai inda a ke samunsa, amma sai a kurmin bakin rafi. Wanda ya fi suna shi ne na Labozhi a ƙasar Nupe. Shi ne Hausawa ke kira labuje, goro mai daraja tun zamanin da. Haka kuma ana noman wani iri a kan duwatsun Bamenda a Kamaru, inda a ke da sanyi da hazo.

A Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Damagaram, damina wata 4 ce ko 5. Daga nan sai iskar hunturu, sai zafin bazara. Ƙaramin goro ba ya jure wannan. Saboda haka kai mutumin can, kada ka ɓata ƙarfinka da shuka shi. In inuwa ka ke so a ƙofar gida, ga darbejiya, ga mangwaro, ga tsamiya. Ko wane itace da ƙasarsa.

IRE-IREN GORO

Goron da mu ke ci kullum, in ka ɓare shi gida biyu ya ke rabuwa. Shi ne goron fatauci, wanda Yarabawa ke kira gbanja, domin ta hanyar ƙasar Gwanja aka san shi.

Akwai wani iri wanda ya ke rabuwa gida uku, ko huɗu, ko fiye. Hausawa na ce masa hannun ruwa. Yana da yauƙi a baki, ba mu cika sonsa ba. Amma a wurin Yarabawa da Ibo yana da girma ƙwarai, da shi su ke karɓar baƙi da yin al'adunsu.

Namijin goro kuwa suna ne kawai ya haɗa su. Itacensa dabam ne, ba danginsu ɗaya ba.

Masu sayarwa suna da sunaye na girma da na shekara. Manyan goro su ne marsa, ƙanana kuwa minu. Wanda ya kwana biyu a ajiye, na kakar bara, shi ne daushe, ya kuwa fi sabo daɗi da tsada. Goro 100 shi ne ƙwarya guda.

YADDA A KE SHUKA SHI

Wannan darasi na mutanen da ke zaune inda a ke da kurmi da isasshen ruwa ne. Sauran ma su karanta, don su san wahalar da a ke sha kafin goro ya zo tire.

Da fari manomi ya kan zaɓi iri. Ya kan nemi manyan goro lafiyayyu, daga itacen da aka san yana haihuwa da yawa ko wace shekara. Kada ya ɗebi irinsa duka daga itace ɗaya. Itatuwan goro da yawa ba su karɓar garin furen kansu, sai na wani. In gona duka 'ya'yan uwa ɗaya ce, tana iya cika da fure amma ta rasa 'ya'ya. Don haka a haɗa iri daga itatuwa dabam dabam.

Goro ba ya saurin tsirowa. Wanda aka ciro yanzu ya kan yi wata 2 ko 3 a ƙasa kafin ya fito, wani ma ya fi haka. Wanda aka ajiye 'yan watanni ya fi saurin tsirowa. Ba a kan shuka shi kai tsaye a fili ba. A kan yi rumfa da ganyen kwakwa, a cika 'yan jakunkuna ko tukwane da baƙar ƙasa, a kwantar da goro ɗaya a ko wace, a rufe shi da ƙasa kaɗan. A riƙa ba shi ruwa, amma kada ruwan ya kwanta, don kada ya ruɓe.

Tun kafin dashe, manomi mai dabara ya riga ya shirya inuwa a gonar. Ya kan dasa ayaba ko agade, ya sa gwaza ko rogo a tsakani. Wannan riba biyu ce. Ganyen ayaba yana tare wa ƙaramin goro rana, manomi kuma yana samun abinci da na kashewa kafin goron ya girma.

In tsiron ya yi wata 6 zuwa shekara guda, sai a dasa shi da farkon damina, bayan ruwa ya zauna. A haƙa rami mai faɗi, a zuba taki ko ruɓaɓɓen ganye. A bar ƙafa 25 zuwa 30 tsakanin itace da itace, gama nan gaba ko wane zai buɗe rassa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsa don ƙasar ta riƙe laima da rani. A kiyaye shi daga awaki, a kuma share gefen gona saboda gobarar daji.

Sa'ad da itacen ya tasa, sai a riƙa rage inuwar kaɗan kaɗan. Babban goro yana son kansa ya sami haske don ya yi fure da yawa, gindinsa kuwa ya zauna cikin sanyi. Amma in aka sare inuwa gaba ɗaya tun yana ƙarami, ganyensa sai ya ƙone, ya tsumbure, ko ya mutu.

Noman goro sai mai haƙuri. Wanda aka shuka daga ƙwaya ya kan yi shekara 6 ko 7 kafin ya fara haihuwa, ba ya kuwa kai ƙarfinsa sai ya wuce shekara 12. Amma in ya kama, yana iya yin shekara 70 ko fiye yana ba da 'ya'ya. Mutum ya shuka, ɗansa ya ci, jikansa ma ya ci. A Ibadan akwai ma'aikatar binciken koko ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1964. Binciken goro yana cikin aikinta. Masana sun gwada cewa in aka yi wa goro aure, watau aka haɗa reshen itace mai haihuwa da ƙaramin tsiro, ya kan fara 'ya'ya da wuri. Mai son irin wannan ya tambayi malamin gona.

Wani abokin gaban itacen shi ne kauci. Tsuntsaye ke kawo shi, ya liƙe a reshe yana shan ruwan jikin itacen. Da an gan shi a sare reshen.

GIRBI DA GYARA

Babbar kakar goro a kudancin Nijeriya ta kan kama daga Oktoba zuwa Disamba. A kan ɗaura lauje a bakin doguwar gora, a yanko kwanson tun bai fashe ya faɗi da kansa ba. In ya faɗi ya daɗe a ƙasa, ƙwari za su riga mai shi.

Sai a tara, a fasa a hankali. Wuƙa kada ta taɓa goron, gama goro mai rauni ba ya ajiyuwa. Daga nan a jiƙa shi a ruwa kwana guda, ko a tara shi a rufe da ganye, har farar fatar nan ta yi laushi. Sa'an nan a murje ta, a wanke shi tas. Yawanci mata ne ke wannan aiki.

Bayan wanki, a kan zuba shi a kwando a inuwa 'yan kwanaki, ana jujjuyawa, don ya tsane ya fid da gumi. Ba a shanya goro a rana kamar barkono. In ya tsane sai a zaɓe shi, manya dabam, ƙanana dabam, masu rauni dabam. Sa'an nan a shimfiɗa ɗanyen ganye mai faɗi a kwando, a jera goron, a rufe. Ganyen da fatake suka saba da shi shi ne fita. Ƙunshin nan shi ne huhun goro.

YADDA GORO YA ZO ƘASAR HAUSA

Cin goro a ƙasarmu ya daɗe. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau goro 10,000. Ya kuma ce a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja.

Gwanja tana arewacin ƙasar Gana ta yanzu. Ba a can goron ke fitowa ba. A kurmin Asante a ke tsinko shi, a kawo shi babbar kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, a nan fataken Hausa ke saye. Su kan tashi da ayari, da jakuna da alfadarai da 'yan alaro, madugu yana shugabanta. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Yandi. Su kan kai kanwa, da tufafi, da fatu, da gabu, su komo da goro. Tafiya da komowa ta kan ci wata 6, wani lokaci har shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi suna a wannan fatauci.

Ku duba irin wahalar. Ga kaya mai son inuwa, ga doguwar tafiya cikin rana. Duk bayan 'yan kwanaki sai an sauke a zango, a kwance huhu, a tsince wanda ya ɓaci, a yayyafa ruwa, a sāke ganye. Falken da ya yi ƙyuya sai ya iso Kano da busasshen goro, ya yi hasarar dukiyarsa.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi, kasuwar Salaga ta fara raguwa. A 1892 aka yi yaƙin basasa a garin, 'yan kasuwa suka watse zuwa wasu garuruwa. Jikokinsu suna nan a zangunan Gana har yau, suna jin Hausa. Daga baya aka koma ɗauko goro a jirgin ruwa daga bakin tekun Gana zuwa Ikko. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka yi wannan ciniki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. A wannan zamani ne kuma manoman ƙasar Yarabawa suka dukufa da shuka goron gwanja, Hausawa masu saye suka zauna a unguwannin Sabo na Shagamu da Ibadan. Yanzu a mota a ke kawo shi, daga nan kuma ya wuce Nijar da Cadi da Sudan.

AJIYE GORO

Abokan gaban goro a ajiye uku ne: bushewa, da ruɓa, da sankara.

In iska ta buge shi, ya kan yanƙwane, ya yi tauri kamar itace. In ruwa ya yi masa yawa, sai ya yi fumfuna ya ruɓe. Abin da a ke so shi ne tsaka-tsaki. A ajiye shi a ɗaki mai sanyi, nesa da murhu, nesa da inda rana ke shigowa. Mai 'yan ƙwarya kaɗan ya sa shi a tukunyar ƙasa, ya rufe da ɗanyen ganye ko tsumman algarara mai laima. Mai tire a kasuwa ya zauna a inuwa, ya lulluɓe kayansa da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta. Ruwan da za a yayyafa ya zama mai kyau, irin wanda za ka iya sha, gama ba a dafa goro kafin a ci.

Sankara kuwa aikin wani ɗan ƙwaro ne mai dogon baki, ɗan'uwan wanda ke cin hatsi a rumbu. Ya kan huda goro ya sa ƙwai, tun a gona. Ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta yi ta ci daga ciki. A waje ka ga goro lafiya lau, ka ɓare ka tarar da baƙin gari. In tsutsar ta zama ƙwaro sai ta fito ta shiga na kusa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Maganin abin shi ne a riƙa kwance huhu ko wane mako, a duba ɗaya ɗaya. Wanda aka ga huda ko tabo a jikinsa a fid da shi, a ƙone ko a binne da zurfi. Kada a yar da shi kusa da ɗakin ajiya.

Ga gargaɗi babba. Waɗansu masu ajiya su kan zuba wa goro maganin ƙwari na gona don su kashe sankara. Wannan mugun abu ne. Maganin feshi guba ne, goro kuwa ɗanye a ke cinsa, gubar ta kan tafi cikin mutum. Ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, wanda manoma suka sani da sunan Gammalin, ƙasashen duniya sun yi yarjejeniyar hana aiki da sinadarinsa a gona tun 2009, saboda cutar da ya ke yi wa mutane. Kai ɗan kasuwa, ka tuna mai cin goronka ɗan'uwanka ne, wataƙila ma mahaifinka ne. Kai mai saye, in ka ji goro yana warin magani, ka bar shi. Ko wane goro za ka ci, ka wanke shi tukuna.

AMFANIN GORO

Babban amfaninsa shi ne taunawa. Da fari ya kan yi ɗaci da bauri, daga baya baki ya yi daɗi. In ka sha ruwa bayan ka ci goro, sai ka ji ruwan ya yi zaƙi. Matafiya na da sun san wannan, ya kan taimake su shan ruwan da ba shi da daɗi. Amma ku lura, goro ɗanɗanon ruwa kaɗai ya ke sākewa. Ba ya kashe cutar da ke cikin ruwa mai dauɗa.

A kan busar da goro a niƙa shi gari, a sa a abin sha. A 1886 wani mai haɗa magunguna a birnin Atlanta na Amurka, sunansa John Pemberton, ya haɗa wani abin sha ya sa goro a ciki. Shi ne Coca-Cola. Kalmar kola da ke cikin sunan, sunan goro ne a bakin Turawa, su ma daga mutanen bakin tekun Afirka ta Yamma suka ji shi. Yawancin irin wannan lemo na yanzu ba a sa masa goro na ainihi.

Ana rini da goro. A Saliyo da Gini da Gambiya marina su kan daka shi su jiƙa, ya ba da launi ja-ja mai kama da ƙasa, su haɗa shi da shuni su yi ado a zane. A ƙasar Hausa kuma mata sun daɗe suna cin goro da fure don haƙora su yi ja.

Kwanson ma ba a zubarwa banza. A kan busar da shi a niƙa a haɗa a abincin kaji da dabbobi, ko a ƙone shi a yi sabulu da tokar. A garuruwan kurmi a kan bar itacen a bayan gida ko a gonar koko, ya ba da inuwa, ya ba da kuɗi.

GORO DA LAFIYAR JIKI

Me ya sa goro ke hana barci? Akwai wani sinadari a cikinsa wanda masana ke kira kafeyin. Shi ne kuma ke cikin shayi da gahawa. In ya shiga jini ya kan farkad da ƙwaƙwalwa, zuciya ta ƙara sauri, gajiya ta ɓoye. Shi ya sa direba da mai gadi da ɗalibi mai karatun dare su ke neman goro. Babban goro guda yana iya kai ƙarfin kofin gahawa, ko ya fi.

Mutanen da sun yi magani da shi. Su kan ci shi don ciwon kai, da tashin zuciya, da gudawa. Akwai gaskiya a ciki, gama har yau a kan sa kafeyin a waɗansu ƙwayoyin ciwon kai, baurin goro kuma ya kan ɗan ɗaure ciki. Amma goro ba ya warkad da cuta. Yaron da ke gudawa ba goro ya ke bukata ba. A ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti da sauri.

Goro ba abinci ba ne. Yana kashe jin yunwa, amma ba ya cika ciki, ba ya gina jiki. Manomin da ya karya kumallo da goro ya tafi gona, jikinsa ya ke ci bashi. Haka gajiya, goro ɓoye ta ya ke yi, ba ya kawad da ita. Direban da barci ya kama, maganinsa ya tsaya ya kwanta. In ya dogara ga goro ya ci gaba da tuƙi, ya sa ransa da na fasinjansa a hatsari.

Ga waɗanda ya kamata su rage goro ƙwarai, ko su bar shi:

Mai gyambon ciki, gama goro yana ƙara tsamin ciki, balle in an ci shi ba a ci abinci ba.

Mai hawan jini, da mai yawan bugun zuciya.

Mace mai ciki da mai goyo, gama abin da ke cikin goro yana kaiwa ga ɗan.

Wanda ba ya samun barci. Shi kada ya ci goro daga la'asar.

Yara ƙanana.

Wanda ya saba da goro da yawa, ran da bai samu ba sai kansa ya yi ciwo, ransa ya ɓaci. Wannan alama ce ya kamata ya rage. Ya rage kaɗan kaɗan, cikin 'yan kwanaki ciwon kan zai wuce. Masu haɗa goro da garin taba kuwa su sani taba tana kawo mugun ciwo a baki. Kuma kada a riƙa tofar da tuƙa ko ina, a masallaci ko a aji ko a mota. Tsabta cikon addini ce.

ABIN TUNAWA

Manomi ya ba ƙaramin goro inuwa, ya yi haƙuri shekara 7. Ɗan kasuwa ya ajiye shi a sanyi, ya duba huhunsa ko wane mako, kada ya sa masa guba. Mai ci ya wanke, ya ci kaɗan, bayan ya ci abinci. In ka sami goro guda, ka ɓare ka ba na kusa da kai rabi. Ka sami lada, ka kuma rage wa cikinka aiki.

TAMBAYOYI

1. Don me itacen goro ba ya yi a Kano ko Damagaram?
2. Don me a ke dasa ayaba a gonar goro?
3. Goro nawa ne ƙwarya guda? In mutum ya sayi ƙwarya 3, ya tarar sankara ta ci 45, nawa ya rage masa?
4. Wace kasuwa ce fatake ke zuwa sayen goro a ƙasar Gwanja?
5. Faɗi mutum uku waɗanda ya kamata su rage cin goro.
6. Rubuta wasiƙa gajeriya zuwa ga wani ɗan'uwanka mai sayar da goro, ka gaya masa yadda zai kiyaye kayansa daga sankara ba tare da guba ba.